Motocin Rimot a Filin Am Salih

Tun da na dawo daga Makka ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo shagona a kasuwar Funtuwa, ko rediyo ya kawo gyara ko gaisuwa ce kawai, sai ya ce in ba shi labari. Da farko labarin Harami nake bayarwa. Ranar nan sai bakina ya kufce na ambaci tseren ƙananan motoci, shi ke nan aka daina tambayata komai sai shi. Wasu ma cewa suke ƙirƙira na yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru, kada yawan maimaitawa ya sa in ƙara abin da ban gani ba.

Dalilin tafiyar Gwaggo Hajara ce, ƙanwar mahaifina. Tun tana yarinya aka tafi da ita Makka, can ta yi aure, can ta tsufa. Ta matsa wa ɗanta Adamu cewa tana son ganin wani daga gidan yayanta kafin ta koma ga Allah, shi kuma ya shirya mini Umara. A shekarun nan ne da ake ta aikin faɗaɗa Harami, lokacin sanyi, bayan Mauludi.

Na bar gida tun ana gobe jirgi zai tashi, don ban yarda da mota ba. Na ko yi daidai, domin a Gwarzo taya ta fashe, kuma tayar safayar ma ba iska. Muka zauna bakin hanya direba ya hau babur da ita. Fasfona yana cikin aljihun da maiɗakina ta ɗinka mini a cikin singileti, amma duk da haka hannuna bai bar wurin ba. A jakata akwai saƙon Gwaggo: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaya ko akwai wanda ya taka wani abu. Warin daddawar ne, na ƙara matse bakin jakar.

A filin jirgin Kano na ɗaura harami tun kafin mu hau, don tsoron kada barci ya kwashe ni mu wuce miƙati ban sani ba. Babu wanda ya gaya mini cikin jirgi sanyi ne da shi kamar firiji. Wani ɗan kasuwa da ya saba tafiyar ya ara mini bargo, ya ce ai ana sanarwa idan an zo wurin. Aka sanar kuwa, har sau biyu.

A Jidda na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi karanta nawa. Dalma da ƙarfen liƙi sun cinye zanen yatsuna tun da daɗewa, ban taɓa lura ba. Jami'in ya danna, ya sake dannawa, ya ba ni wani ruwa na shafa, layi kuma yana ta tsawo a bayana. Har na fara tsara abin da zan gaya wa mutanen gida idan aka mayar da ni, sai na'urar ta yi ƙara ya buga mini hatimi. Mai binciken kaya shi ne na fi tsoro saboda garin kuka, kada ya ɗauka wani abu ne. Ƙullin daddawa ya fara buɗewa. Ya mayar ya ƙulle da sauri, ya yi mini alama da hannu in wuce.

Adamu na same shi a waje, dogo, cikin farar jallabiya, ba ka ce ya san Hausa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe haka 'ya'yan kawu suke, duk a bushe. Taubashina ne, don haka na ce masa ai mu ba a kiwata mu da shinkafa da mai ba. Hausarsa ta Katsinawan dā ce, irin ta Gwaggo, amma kowace magana sai ya cusa mata “yalla” ko “halas”. 'Ya'yansa kuwa suna jin Hausa, amsa ce ba sa iya mayarwa sai da Larabci.

Ya kai ni na yi Umara kafin mu je gida. Ban ga Ka'aba yadda nake zato ba da farko, domin gadar wucin gadi da injinan gini sun kewaye wurin, sai da muka shiga ciki sosai. Abin da na ji a lokacin ba na rubutu ba ne. A ɗawafi na yi kokwanton ƙirga, na so in ƙara zagaye, Adamu ya riƙe mini hannu ya ce shi ma yana ƙirgawa, kuma shi a garin aka haife shi.

Gidansu yana Zahir, a hawa na sama na wani bene. Gwaggo ta riƙe fuskata tana kuka tana kiran sunan mahaifina, sannan ta ce ina daddawarta. Abin da ya fi ba ni mamaki a zaman gidan shi ne kowa ƙofarsa a rufe. Na yi sallama ga maƙwabci a matakala na tambaye shi iyali, ya dube ni kamar na zo karɓar haraji. Da safe wake ake ci da aka dama da mai, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Cikina bai zauna ba sai da Gwaggo ta tuƙa tuwo da miyar kukar da na kawo.

Ranar Juma'a bayan La'asar Adamu ya ce in zo in ga wahalar da ya ɗora wa kansa. Muka wuce Shisha, muka nufi wajen Mina, inda tantuna suke jere ba kowa a ciki. Ya tsaya a wani fili mai katanga da ƙofar ƙarfe. Lokacin Hajji motocin alhazai ake ajiyewa a wurin, sauran watanni kuwa a banza yake. A ciki an baza jar ƙasa an daddaɓe, an ja hanya mai lanƙwasa da bututun roba, ga tudu ga kwana. A gefe akwai dandamalin katako mai matakala, manyan mutane masu gemu suna tsaye a kai, kowa da rimot a hannu. A ƙasa kuma motoci ne da ba su wuce tsawon kamu ɗaya ba, suna gudun da ido ba ya iya bi.

Na tsaya ina kallo, zuciyata ba daɗi. Na ce a raina daga Funtuwa na zo garin da salla ɗaya ta fi dubbai, ga ni a wurin wasan yara. Akwai wani ɗalibi Basakkwace a wurin, Malam Nasiru, da ke karatun fiƙihu a jami'a. Na ja shi gefe na tambaye shi ko babu caca a ciki. Ya ce babu, wanda ya ci ba ya samun komai sai surutu, kuma da an kira Magariba ake kashe komai. Na ce to shi me yake yi a nan. Ya nuna mini wata koriyar mota a hammatarsa.

Ni da nake ganin na san kayan wuta, na leƙa cikin ɗaya ban gane komai ba sai batir. Amma yadda aka tsara wurin na gane. Adamu ya ce an sha buɗe irin wannan fili a garin ana rufewa, nasu ne ya daɗe. Motocin mai masu ƙara ya hana, sai na batir, don kada maƙwabta su kai ƙara. Ranar tsere ɗaya ce kuma ba ta canzawa, ko mutum uku suka zo sai an yi. Tankar ruwa tana zuwa ta jiƙa ƙasa kafin a fara. Akwai tsofaffin motoci da ake ara wa baƙo ya gwada, kuma sababbin shiga rukuninsu daban, ba a haɗa su da gwanaye su karaya. Wani Bayamale yana buɗe bayan motarsa yana sayar da tayoyi da ƙananan ƙarafa, don wanda tasa ta karye kada ya tafi gida da wuri. Duk shekara kafin Hajji su kwashe komai, bayan alhazai sun tafi su sake zana hanyar da wata siffa, ba a gajiya da ita.

Amma ya ce duk wannan ba shi ne ba. Doka ɗaya ce ta riƙe wurin. Motocin nan suna yawan kifewa a kwana, kuma mai tuƙi yana kan dandamali, ba zai iya sauka ba. Don haka duk rukunin da ya gama tsere, sai ya ajiye rimot ya sauko, kowa ya kama kwana ɗaya ya tsaya cikin rana, yana ɗaga motocin rukuni na gaba idan sun kife. Ba a aikawa, ba a biya wani ya yi. Na ga wani likitan haƙori, Dakta Hasan, ya tattare jallabiya yana gudu don ya juya motar wani mai wankin mota. A gida da an ce ya zubar da girma. A nan ko kallonsa ba a yi.

A hanyar komawa Adamu ya gaya mini damuwarsa. Filin na wani dattijo ne, Am Salih. “Am” ɗin nan kamar mu ce Baffa ne. Shi ya ba su aron wurin kyauta, kuma mabuɗin ƙofar yana hannunsa. A dā kallo kawai yake zuwa yi, sai kwanan baya ya sayi mota ya fara tuƙi. Idan rukuninsa ya gama, sai ya koma inuwa ya tura direbansa kwana. Mutane sun fara gunaguni, Dakta Hasan da wasu sun ce idan doka ta zama ta wasu ban da wasu, za su koma wani fili a Jidda, kuma su ne rabin masu zuwa. Idan kuma aka tsananta wa dattijon, yana iya rufe ƙofarsa. Adamu ya je gidansa ya lallaɓa shi, ya yarda zai sauka kwana Juma'a mai zuwa. Na ce Allah ya sa. Satin nan duk na yi shi tsakanin Zahir da Harami, amma maganar ba ta bar kaina ba.

Da Juma'a ta zagayo na ga Am Salih da kyau. Gajere ne mai jiki, gemunsa fari tas, sa'an mahaifina ne ko ya fi. Rukuninsa ya gama, ya sauko a hankali, ya wuce inuwa bai tsaya ba, ya tafi kwanar da ke kusa da inda nake. Kowa ya zuba masa ido. Adamu bai ko kalli wajen ba, amma na ga ya saki ajiyar zuciya.

Aka fara. Ba a jima ba wata mota ta daki bututu ta kife a gabansa, tayoyi suna juyawa a sama. Dattijon ya dafa gwiwa ya fara sunkuyawa.

Na san maganar, an gaya mini ita tun daga tushe. Amma ni tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a miƙe ba ina kallon mai furfura yana duƙawa ya ɗauki abu a ƙasa. Kafin in yi tunani na tsallake bututu, na durƙusa a gabansa, na ce, “Baba, bari, bari.” Na ɗaga motar.

Ya dube ni, ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya ya faɗi wata magana da Larabci. Daga baya Malam Nasiru ya fassara mini: wai ga wanda aka yi wa tarbiyya. Ya juya ya koma inuwa, aka zuba masa shayi. Aka bar ni a kwana da silifa. Motar da na ɗaga ashe baya na fuskantar da ita, ta koma ta yi karo da mai zuwa. Wata kuma ta same ni a idon sawu, sai da na ga duhu. Haka na tsaya har aka gama, ina ɗingishi, ban san inda zan sa fuskata ba.

Dakta Hasan ya nufi wajen kayansa. Ya cire batir, ya goge motarsa, ya sa a akwati. Mutum biyu suka yi yadda ya yi. Da aka kira rukunin Am Salih karo na biyu, ya taso da rimot ɗinsa, sai Adamu ya tsaya a ƙasan matakala. Ya sumbaci kan dattijon yadda suke yi wa manya, sannan ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji. Malam Nasiru yana gefena yana mayar mini.

“Am Salih, wanda bai tsaya kwana ba, ba ya hawa.”

“Ƙasar wa kake takawa, ɗana?”

“Taka ce. In ka ce mu kwashe, gobe mu kwashe. Amma muddin muna nan, ba zan iya ba.”

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa wa direbansa rimot, ya shiga mota. Direban ya jira aka watse, ya rufe ƙofa ya tafi da mabuɗi.

A mota Adamu bai zage ni ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ko tsokanar da ya saba bai yi ba. Na ba shi haƙuri har ya ce in na ƙara zai sauke ni a Shisha. Gwaggo da ta ji, ta yi dariya har da tari, ta ce ai abin da aka koya mini na yi, da yayanta yana raye da ya sa mini albarka. Ta shafa mini man zafi a ƙafa, ta ce wa Adamu shi ma da ya yi wa baƙo bayani da kyau. Ya ce ya yi. Ta ce to bai ɗaure ni ba ai.

Na ce mu je gidan dattijon in durƙusa in roƙe shi. Adamu ya ce durƙusona ne ya kawo mu nan. Ya ce idan ya je ban haƙuri dokar ta mutu, idan bai je ba watakila filin ya tafi, kuma ya zaɓi kada ya je. Na ji shi yana waya yana tambayar inda za a ajiye bututu da katako. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar ƙasa da hannunsa a wurin nan. Abinci ya daina yi mini daɗi. A Harami na so in roƙi Allah a kan maganar, sai kunya ta kama ni, in tsaya gaban Ka'aba ina ambaton motocin wasa. Daga ƙarshe na ce Allah ya daidaita tsakanin Adamu da dattijon nan, ya san sauran.

Juma'ar ƙarshe, ana gobe zan tafi, na ce zan zauna a gida. Adamu ya ce in tashi, abin da na ɓata sai na ga ƙarshensa. Muka tarar da ƙofa a rufe. Tankar ruwa ta zo ta tsaya. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya suna jingina da motocinsu, har da Dakta Hasan, wanda ya ce shi kallo ya zo yi. Rana ta fara sauka. Mai tanka ya tayar da inji zai tafi, sai ga motar Am Salih.

Direba ya buɗe ƙofa. Dattijon ya fito da takalmi sau ciki da wata sabuwar sanda mai lanƙwasa a kai. Bai gaisa da kowa ba. Ya wuce kai tsaye zuwa kwanar nan ya tsaya, alhali ko rukuninsa ba a kira ba. Ya nuna ni da sandar ya yi wa Adamu magana. Adamu ya juyo, karo na farko a satin ya yi mini murmushi.

“Ya ce a riƙe masa baƙon nan. Malam Nasiru, don Allah kama rigarsa.”

Malam Nasiru ya kama hannun rigata da gaske, bai saki ba.

Dakta Hasan ya ɗauko akwatinsa. Kuma motarsa ce ta fara kifewa a kwanar. Am Salih bai sunkuya ba. Ya sa ƙugiyar sandar ya laluba, ta zame, ya sake, ta zame. Sauran motoci suka zagayo suka wuce, suka sake zagayowa. Na yunƙura, Malam Nasiru ya ƙara riƙe ni. Da ƙyar ya kamo ta, ya juya ta, ya bar mata doguwar karta a gefe. Likitan ya ɗaga hannu daga kan dandamali ya ce ya gode, kamar yadda ake ce wa kowa.

Daga nan na lura da wani abu. Duk gwanayen nan masu shiga kwana a guje, da sun doso wajen dattijon sai su rage gudu, su lallaɓa su wuce kamar masu ɗauke da ƙwai. Kowa ya gane in ya kife a can, sai dai a gama tsere yana kwance. Har aka kira Magariba babu wadda ta ƙara kifewa a gabansa. Ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallonsu, yana cewa ashe aikin ma ba wuya.

Bayan salla direbansa ya zo zai rufe ƙofa. Am Salih ya karɓi mabuɗin ya jefa wa Adamu, ya ce ya gaji da a riƙa jiransa a bakin ƙofa kamar mai gadi. Sai a lokacin Malam Nasiru ya tuna ya tambaye ni ko ƙafar ta warke. Na ce da sauƙi. Washegari na hau motar Jidda.